'Yan keken dutse na Jos, ta ina za mu bi, Shere ko Rayfield?

Mubarak Gwarinpa: Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah 'yan Jos na gidan nan ku taimaka mana. Mu 'yan Abuja muna so mu loda kekunanmu a bayan mota mu hauro Jos ƙarshen watan nan na Agusta, mu kwana Juma'a mu yi hawa ranar Asabar. Wlh mun gaji da zagayen Usuma Dam da Mpape. Muna neman hanya mai hawa da gangara da ɗan kwazazzabo, ba kwalta ba. An ce mana duwatsun Shere amma ba mu san ta inda ake shiga ba

Ɗan Rikkos: Shere kai tsaye oga babu wani dogon zance. Ku bi ta Lamingo wajen dam, daga nan duwatsun suna kallonku kuna kallonsu. Akwai wata gangara da muke bi tsakanin duwatsu biyu ta sauka cikin kwari, idan ka sake birki wlh sai ka ji iska na kuka a kunnenka. Ina da ita a Strava, manhajar waya mai ajiye layin hanyar da mutum ya bi, zan tura maka ka bi layin kawai

Dung Bukuru: Kai Ɗan Rikkos ka ji tsoron Allah, baƙi za ka tura wannan gangarar a watan Agusta? 😂

Ɗan Rikkos: To me ya faru da Agusta, ruwa ne ai ba wuta ba

Anti Ladi: Mubarak sannunku da niyya. Kafin ma a zo maganar hanya, ku sani Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, Abuja ko rabin haka ba ta kai ba, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800. Ba wai za ku suma ba ne, amma hawan farko za ku ji numfashi bai isa ba, ƙafa na da ƙarfi ƙirji na haki. Duk baƙon da ya zo daga ƙasa haka yake yi. Don haka kar ku ce daga saukowa mota sai dutse, ku iso da wuri ranar Juma'a ku ɗan zaga cikin gari jiki ya saba, ku sha ruwa sosai don sanyin Jos yana ruɗin mutum ya manta yana zufa

Mubarak Gwarinpa: Ngd sosai Anti. Mun ɗauka sanyin ma sauƙi ne gare mu

Anti Ladi: Sauƙi ne, har sai kun jiƙe a kan dutse iska ta taso

Baba Sale Mai Keke: Assalamu alaikum. Yaro Mubarak wane irin birki ne a kekunan naku? Na faifai ne ko na roba mai kama rim?

Mubarak Gwarinpa: Wa alaikumus salam Baba. A gauraye muke, wasu na faifai wasu na roba, yawancin kekunan gwanjo ne gaskiya

Baba Sale Mai Keke: Gwanjo ba laifi ba ne, ni abin da nake gyarawa kullum ke nan kuma wani gwanjon ya fi sabo ƙarko. Amma mai birkin roba kar ya je Shere da damina, na faɗa maka gaskiya. Ƙasar can yashin dutse ce, idan ta haɗu da ruwa ta manne a rim, duk kama birkin da ka yi kamar kana goga wa robar sanfefa ne. Wani yaro ya kawo min kekensa bayan hawa ɗaya tak, robar ta cinye har ƙarfen ciki ya fito yana cin rim ɗin, ka sa yatsa ka ji layi ya zurma, baƙin ruwan alminiyam ya bushe a jikin taya. Rim ɗin sai jefarwa. Ga shi idan rim ya jiƙe birkin ba ya kamawa nan take sai taya ta ɗan juya ta share ruwan, a gangara kuwa wannan ɗan lokacin shi ne komai

Ɗan Rikkos: Baba Allah ya ƙara girma amma ni nawa na roba ne kuma ina sauka lafiya lau

Baba Sale Mai Keke: Kai da kake zuwa shago duk mako kana cewa Baba a ba ni roba bashi? Bari in yi shiru

Dung Bukuru: 😂😂😂 Baba ya gama da kai

Injiniya Kabiru: Ni shawarata ku fara da ɓangaren Rayfield. Ku tashi daga Rayfield ku bi ta Kwang ko ku miƙa Du ku ɓulla Bukuru, hanyoyin marmara ne da turbar ƙafa, ga tudun ƙasar da Turawan kuza suka tara tun farkon ƙarni na 20, hawa gajere-gajere mai tsini, ka hau ka sauka ka sake hawa, ba doguwar wahala irin ta Shere ba. Ga tafkuna ko'ina gwanin kyau don hoto. Sai dai abu biyu. Kar wanda ya ce zafi ya dame shi ya faɗa wanka, waɗannan tafkunan ramin haƙar kuza ne, ba su da gaɓa mai gangarowa a hankali, taku kaɗan ƙasa ta ƙare, kuma suna cin mutane ba wasa. Na biyu ramukan loto da masu haƙar kuza na hannu ke yi, bakinsu ƙarami zurfinsu ba a magana, da damina ciyawa ta rufe su ruf. Kar ka sauka daga turba ka ce za ka yanke ta cikin ciyawa

Dung Bukuru: Wannan gaskiya ne Injiniya. Mu nan ko akuya idan ta ɓata ramin loto ake fara leƙawa. Indai Rayfield zuwa Bukuru ne ni zan yi muku jagora, gida ne

Mubarak Gwarinpa: To amma gaskiya mu dutsen muke so. Irin bidiyon da muke gani na Amurka, mutum na bin bakin kwazazzabo yana lanƙwasa, shi ya sa muka ce Shere

Injiniya Kabiru: To ai nan ne bambancin yake Mubarak. Can abin da kake gani fili ne da hukuma ta ware, an zana hanyar musamman don keke, an sa alama a bakin kowace hanya, kore mai sauƙi, shuɗi matsakaici, baƙi sai gwanaye, wata ma an rubuta sauka kawai ba a hawa ta nan, idan an yi ruwa a rufe ta sai ta bushe. Su ma ba haka suka fara ba. A Kalifoniya cikin shekarun 1970 wasu samari ne a yankin Marin suke ɗaukar tsofaffin kekuna masu faɗin taya su gangaro daga tsaunuka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, tserensu na farko a 1976 aka yi, birkin kekunan nasu a cikin cibiyar tayar baya yake, kafin su iso ƙasa giris ɗin ya ƙone yana hayaƙi sai an sake cusa wani. Da suka yi yawa masu tafiyar ƙafa da masu dawaki suka fara kuka, hukumomi suka soma rufe musu hanyoyi, shi ya sa a 1988 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa IMBA, ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, suka fitar da ƙa'idar cewa mai keke ne zai ba mai ƙafa da mai doki hanya. Sai 1996 wasan ya shiga Olamfik a Atlanta. Mu nan ba wanda ya zana mana komai, duk turbar da ka gani a Shere ƙafar mutane ce ta yi ta, ta zuwa gona ce ko rafi ko coci ko kasuwa

Ɗan Rikkos: Injiniya ya buɗe aji 😅 a taƙaice dai dutse na Allah ne kowa na iya hawa

Azi: Ɗan'uwa dutse na Allah ne amma gonar da ke gindinsa tana da mai ita. Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, ni ɗan wajen ne, gidanmu ta ɓangaren Fobur. Bari in ba ku labarin abin da ya sa mutanenmu suka fara ɗaure fuska idan sun ga masu hular kwano. Bara da damina wasu masu keke suka gangaro ta turbar da ke bin gefen gonar innata, turbar ta yi taɓo sai suka ga ba za su ɓata taya ba suka hau cikin accar, ita kuma acca idan tana ƙarama wanda bai santa ba zai ce ciyawa ce kawai. Suka bi ta ciki a jere, kowa ya danne birkin baya tayar na ja, suka bar layi tun daga sama har ƙasa. Ruwan da aka yi daren nan ya samu hanya, ya bi layin tayar, kafin sati ya zama ɗan kwari har gwiwa ya raba gonar biyu ya kwashe ƙasar sama ya zuba a rafi. Tsohuwa ita da jikokinta suka yi ta ɗebo duwatsu suna cusawa. Ba wanda ya dawo ya ce sannu. Kuma a ranar saura kaɗan su buge wata mata da ta ɗauko itace a ka, don kwanar ba a ganin gaba saboda shingen ƙerana, ta jefar da itacen ta faɗa gefe. Yanzu ka ce min dutse na Allah ne

Anti Ladi: Kai! Allah sarki mama. Azi ka yi mata sannu dan Allah

Ɗan Rikkos: Wlh ba mu ba ne, mu ba ma bin ɓangaren Fobur

Azi: Ban ce kai ba ne. Amma layin nan da kake cewa za ka tura wa baƙi a Strava, ka san gonar wa ya ratsa? Da rani ka bi shi lokacin fili ne fetal, yanzu an shuka. Wayar ba ta san an yi shuka ba, za ta ce musu ku miƙe su kuma su miƙe

Dung Bukuru: Magana ta fito

Ɗan Rikkos: To shi ke nan sai mu daina hawa saboda kowane lungu gonar wani ce? Shanu ma ai suna bin hanyoyin nan kuma sun fi keke nauyi nesa ba kusa ba, ba wanda ya ce su ne ke kawo zaizaya. Mu da ba mu da hayaƙi ba mu da ƙara, mu ne abin zargi. Gaskiya a bar matasa su samu abin yi, da zaman majalisa da shaye-shaye ai gara hawan dutse

Injiniya Kabiru: Ba wanda ya ce ka daina. Kuma shanu ma suna kawo zaizaya, je ka dubi kowane burtali ka ga yadda ya zurma, kuma kai ma ka san irin rigimar da shiga gona ke jawowa a jihar nan, ba abin da za mu so a saka masu keke a ciki ba ne. Bambancin taya da kofato shi ne taya layi ɗaya take ja wanda bai yanke ba, idan layin ya miƙe daga sama zuwa ƙasa to ka haƙa wa ruwa lambatu. Shi ya sa masu gina hanyar keke ba sa miƙar da ita tsaye a jikin tudu, suna kwantar da ita a kaikaice tana zagaye, suna ɗan karkata ta waje don ruwa ya tsallaka ya wuce maimakon ya bi ta. Kuma jan tayar baya da kuke yi kuna jin daɗin ƙura ba gwaninta ba ce, tayar da ta kulle ba ta tsayar da keke da kyau, yawancin ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Ka sauke sirdi, ka tashi tsaye a kan feda, ka ja jiki baya kaɗan, ka matsa birki biyun a hankali kafin kwana ba a cikin kwana ba

Mubarak Gwarinpa: Mu fa tun muna yara aka ce mana kar ka taɓa birkin gaba a gangara zai wuntsila ka

Baba Sale Mai Keke: Wanda ya damƙe shi gaba ɗaya shi yake wuntsilawa. Da yatsa ɗaya ake lallaɓa shi. Kuma tunda an zo nan, ku daina bari mai faci ya cika muku taya ta yi tauri ƙam. Shi ya saba da keken ɗaukar kaya. A kan dutse taya mai tauri tsalle take yi ba ta kama ƙasa, ku rage iska ta zama idan ka danna da babban yatsa tana ɗan shiga, wajen PSI 30 a ma'aunin iska ga mai tib, mara tib yana iya yin ƙasa da haka. Amma kar ta yi laushi da yawa, dutse zai matse tib da rim ya huda shi wuri biyu. Kowa ya zo da tib na ajiya da famfo da kayan faci, ƙaya ba ta da mutunci. Mai taya inci 29 ko 27.5 ya taho da nasa daga Abuja kar ya dogara da nan, 26 ce ake samu a kowane lungu

Anti Ladi: Ƙarin bayani kan ƙerana tunda Azi ya ambata. Ƙauyukan nan da ita ake shinge, idan ka goge ta ta karye farin ruwa ke fita, kar ka kuskura ka taɓa ido da hannun, yana ƙuna sosai kuma yana iya yi wa ido illa. Idan ya shiga a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Ku sa tabarau da safar hannu. Hular kwano kuwa ba na ma son in ji ana muhawara a kanta, wanda ba shi da ita ya zauna a mota ya yi mana gadin abinci

Ɗan Rikkos: Anti ni ina da ita, zafi ne kawai take sa min

Anti Ladi: A Jos? Zafi? Ƙanina nemi wata ƙaryar

Hajiya Admin: Jama'a ina bin ku. A ci gaba amma banda gore-gore. Ni tambayata ga Azi, idan mutum yana so ya hau ta wajenku ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba yaya zai yi?

Azi: Hajiya abu mai sauƙi ne wlh. A zo kafin ranar a gaida mai unguwa a ce ga mu ga abin da ya kawo mu, shi zai haɗa ku da yaro ɗaya ko biyu da suka san wace turba ce ba shuka, wane dutse ne ba a hawa don akwai wuraren da mutanenmu ke girmamawa na al'ada, ba alama a jikinsu amma kowa a garin ya sani. A sallami yaran da abin kirki. Idan kun haɗu da mutum a turba ku tsaya ku sauke ƙafa ku gaisa, ba ka buga ƙararrawa daga nesa kana jira tsohuwa ta yi tsalle ba. Idan garken shanu ne ku tsaya cak su wuce, ku yi wa mai kiwon sannu, saniya mai ɗan maraƙi ba ta son abu mai gudu. Kuma ta wajen Laminga akwai dajin Amurum inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, wannan wurin a killace yake, mutane daga ƙasashe suke zuwa kallon tsuntsaye, ba wurin tsere ba ne, in kuna so ku gani ku ajiye keke ku nemi izini ku shiga da ƙafa

Dung Bukuru: Ga kuma maganar tsaro wadda ba wanda ke son faɗa. Yawancin lokaci lafiya lau ake hawa a dawo, amma baƙo ba ya shiga daji a Filato haka kawai ba ɗan gari, kuma a fita da sassafe a dawo kafin la'asar. Ku tambayi yadda gari yake a satin da za ku zo ba labarin watan jiya ba. Hanyar zuwa ma ku taso Abuja da wuri ku wuce Akwanga ku hau Hawan Kibo da rana tsaka, kar dare ya same ku

Mubarak Gwarinpa: Wannan Hawan Kibon fa wani abokinmu cewa ya yi a sauke shi a ƙasa ya hau da keke 😂

Dung Bukuru: Ka ce masa tireloli ke bin wurin kuma ba duka ne birkinsu ke da lafiya ba. In yana son ganin ruwa ku tsaya Assop ya yi hoto ku wuce

Injiniya Kabiru: Ni dai har yanzu ina kan bakana, Agusta ba lokacin Shere ba ne. Yuli da Agusta su ne tsakiyar ruwan Jos, fa ɗin dutse idan ya jiƙe ya yi gansakuka ko da ƙafa santsi yake, rafin da ka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu idan an yi ruwa a sama kafin ka dawo ya fi ƙarfinka, kuma cikin kwari ba ka ganin hadarin da ke haɗuwa bayan dutse. Ga tsawa, kana kan ƙololuwa riƙe da ƙarfe. Ku bari sai Nuwamba, ruwa ya ɗauke ƙasa ta daskare, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai yi kauri ba. Disamba da Janairu ma ana hawa amma sanyin asuba sai ka kasa matsa birki

Ɗan Rikkos: Nuwamba ƙura Injiniya. Daɗin abin ai taɓon ne, ka dawo gida ba a gane ka

Baba Sale Mai Keke: Daɗin abin a wurina ne, don ni za ka kawo wa sarƙa da boris su ci kuɗinka

Mubarak Gwarinpa: To ga yadda muka yanke da mutanena yanzu a waya. Wannan zuwan za mu yi Rayfield zuwa Bukuru tare da oga Dung tunda an riga an ɗauki hutu, Shere kuma sai Nuwamba in Allah ya kai mu, Azi ya yi mana hanya wurin mai unguwa. Ɗan Rikkos kar ka yi fushi ka zo mu tafi tare

Ɗan Rikkos: Zan zo amma Rayfield wasan yara ne, zan jira ku a saman kowane tudu ina cin gyaɗa

Anti Ladi: Za mu gani. Ni ma ina ciki, zan taho da akwatin magani

Azi: Nuwamba ya yi, lokacin an yanke acca. Amma ku bari in je gida in yi magana tukuna kafin ku sa rana, kar in yi alkawari da bakin wani

Mubarak Gwarinpa: Ba damuwa. Baba tambaya ta ƙarshe, ɗaya daga cikinmu birkinsa na faifai mai amfani da mai ne, Shimano, ya yi laushi har hannun na taɓa roba. Wani bakanike a nan ya ce a kawo ya zuba masa man birkin mota

Baba Sale Mai Keke: Kar ya yarda! Shimano man kansa gare shi na musamman, man birkin mota zai kumbura robobin ciki ya kashe birkin gaba ɗaya. Wataƙila iska ce ta shiga ko takalmin birkin ya cinye. Ku iso da wuri ranar Juma'a ya kawo min bayan an sauko masallaci in duba, in ya samu man a Abuja ya sayo ƙaramar kwalba ya taho da ita don nawa ya kusa ƙarewa

Dung Bukuru: Asabar ƙarfe 6:30 a Rayfield ke nan, zan turo daidai wurin haɗuwa ta akwatin Mubarak. Wanda ya makara ya biyo sawun taya